Tsintsiyar da Injin Panteka Ya Cinye

Ku gyara zama, yau na zo muku da wadda sai kun yi musu a kanta har murya ta dushe.

A Panteka ta Kaduna akwai wasu 'yan'uwa uku, uwa ɗaya uba ɗaya: Mamuda, Zulai da Bilya. Sun gaji shagon ƙira, suka kawo injin yankan ƙarfe mai aiki da kwamfuta. Ka zana furen ƙofa a allo, shi ya fitar maka da shi a ƙarfe. Manhajar da ke ba injin umarni ta kyauta ce, Zulai kuwa ita aka damƙa wa kula da ita a cikin babbar manhajar da kwamfuta ke tashi da ita. Ita wannan babbar, sai bayan 'yan shekaru ake fitar da tabbatacciyarta, kuma da zarar an rufe ƙofar karɓar ƙananan manhajoji a cikinta, wanda ya makara sai wani zagayen.

Ƙofa ta kusa rufuwa, masu tantance abin da zai shiga babbar manhajar suka aiko wa Zulai tambaya: manhajar injin ta shirya, ko a bar ta a waje? In aka bar ta, maƙeran da suka sayi injin saboda maganar Zulai za su zauna da tsohuwar da sababbin kwamfutoci ba sa ɗauka, ita kuma ba ta san da wane ido za ta kalle su ba. Duk gwajin da aka yi a ƙasashen waje ya fito sumul. Saura ƙiris ta ce ta shirya.

To amma can ba a ɗauke musu wuta. Mu kuwa kun san halinmu: da an ɗauke, ma'aikaci ba ya iya zama, hannu yake zurawa cikin injin ya share ɓarɓashi kafin a tayar da janareta. Mamuda, babbansu, wanda shi ke tsayawa a kan injin, ya kafe sai an gwada yadda ake aiki a nan. Ana tsakiyar yanka ya katse wuta, ya zura tsintsiya a madadin hannu, ya ce a tayar da janareta. Wuta na dawowa injin ya ci gaba da kansa, ya yi kaca-kaca da tsintsiyar. Mamuda ya ɗaga guntun ya ce, "Zulai, wannan fa hannun wani ne." Zulai ta nemi benci ta zauna.

Bilya, autansu, irin mutanen nan ne da in suna tunani tuwo ke hucewa a gabansu. Ya duƙufa cikin rubutun manhajar yana bi layi-layi, har ya gano inda matsalar take: kwamfutar tana kan batir, ba ta ma san wuta ta tafi ba, tana nan riƙe da umarninta. Ya gyara yadda duk sanda wuta ta katse injin zai tsaya cak, sai mutum ya danna maɓalli da kansa. Aka zura sabuwar tsintsiya, ta fito ko tsinke bai karye ba.

Sai dai gyaran ya zo bayan an daina karɓar sabon abu. Zulai ta ga hanya biyu: ta yi shiru manhajar ta shiga da aibinta, ko ta faɗi gaskiya a iya jefar da ita waje gaba ɗaya. Wasu masu shaguna suka ce, "Hajiya, ki bar ta ta shiga, ma riƙa yin hankali." Ta ƙi, duk da tsoron da ke cin ta. Da bakinta ta gaya wa masu tantancewa ba ta shirya ba, ta tura musu bidiyon tsintsiya, ta yi ta bayani ba gajiya har suka gane cewa ɗauke wuta a wurinmu abin yau da gobe ne. Suka buɗe ƙofa, suka karɓi gyaran.

Ranar da tabbatacciyar ta fito da manhajar a ciki, Panteka ta ɗauki ihu, Zulai ta yi kukan daɗi ba ta ɓoye ba. Ba a daɗe ba, a shagon maƙwabcinsu Malam Habila, wuta ta dawo alhali hannunsa na cikin injin har gwiwar hannu. Injin ko motsi bai yi ba.

Da wannan hannun ya ƙera kujerar ƙarfe mai zane, ta mutum ɗaya, ya ɗauko ta a ka har ƙofar shagonsu. Ya dire ta ya ce, "Wannan ta wanda ya bar mini yatsuna ce."

Kujerar tana nan, har yau ba wanda ya zauna. To ku faɗa mini: Mamuda da ya tono aibin, Bilya da ya gyara shi, ko Zulai da ta faɗi gaskiya ta sa aka buɗe ƙofa, wa ya kamata ya hau ta?