Ƙarar da Tarwaɗa Ta Kai Fadar Kada

Ga ta nan, ga ta nanku!

Ta zo mu ji ta, ko da ba daɗi.

Kada ne sarkin wani tafki. Ya tafi baƙunta dajin giwaye, aka yi masa kiɗa da kirari, ya dawo ya ce ya ƙulla zumunci: giwaye za su riƙa shan ruwan tafkin.

Ruwa ya fara ja baya, sai Tarwaɗa ta tafi fada. To, a can talaka ba ya magana da sarki sai ta bakin sanƙira, wato Kwaɗo.

Ta faɗi ta ce, "Ranka ya daɗe, baƙinka za su shanye mu. Da wa aka yi shawara?"

Kwaɗo ya kumbura wuya ya ce, "Tarwaɗa na gaisuwa, tana murna da baƙi!"

Fadawa suka amsa, "Sarki ya gaishe ki!"

Da ƴaƴanta bakwai suka bushe a bakin gaɓa, ta koma, ta ture Kwaɗo, ta kwarma ihu a kunnen sarki.

Kada ya buɗe ido ɗaya ya ce, "Tun ran farko na ji ki. Amma abin da bai bi ta bakin sanƙira ba, ba a faɗe shi ba."

Ran da tafki ya ƙafe, Kada ya bi giwaye zuwa babban kogi, inda tuni ya kai iyalinsa. Tarwaɗa na kwance cikin taɓo tana kallon Zalɓe yana tahowa, Kwaɗo kuwa yana ta shela, "Sarki ya gaishe ku!"

Ƙurunƙus kan ɗan ɓera, nan ta ƙafe.