Maƙerin Azurfa da Injin Motarsa

Ga ta nan, ga ta nan, ku matso kusa.

Ta zo, mun ba ka kunnuwanmu.

A unguwarmu ta cikin ganuwar Tiznit, a ƙasar Maroko, an yi wani maƙerin azurfa mai suna Si Bihi. Hannunsa na da albarka, wannan ba mai musu. Aibinsa guda ne. Ya ɗauka wanda ya iya azurfa ya iya kowane ƙarfe, kuma duk abin da bai yi ƙyalli ba, a wurinsa ba a gama shi ba.

Yana da wata tsohuwar mota mai gado da murhu a ciki, wadda ya saya a hannun wani Bajamushe da ya gaji da yawon bakin teku. Bayan shekara ashirin ta fara tari da hayaƙi, sai ya jingine ta a ƙofar gida.

Mahaifiyarsa, Lalla Ijja, ciwon baya ya kwantar da ita, ba ta iya zama ko na tsawon shan shayi. Ana nan saƙo ya zo daga ƙauyensu a duwatsun Tafrawut cewa ƙanwarta Zaina ba lafiya, tana ta kiran sunanta. Su biyu kaɗai suka rage a ɗakinsu.

Ta ce, "Bihi, ka kai ni in ga Zaina. A kwance zan je, a gadon motar nan taka."

Ya ce, "An gama, Inna. Ba ni mako guda."

Ya kira Ma'allam Idder, bakaniken da suka yi makarantar allo tare. Idder ya tayar da motar, ya ɗora bakin dogon sukudireba a jikin inji, ya manna ƙotar a kunnensa, ya daɗe yana saurare.

Ya ce, "Zuciyarta ƙalau. Tsufa ne kawai, irin nawa da naka. A sauya fulogi da baƙin mai, a wanke kafireta, a toshe inda take yoyo. Kwana biyu. Za ta hau dutse tana nishi, amma za ta kai ku."

"Wato kwalliyar tsohuwa."

"Tsohuwa ma in ta yi kwalliya tana zuwa biki, Si Bihi."

"Uwata zan ɗauka, ba buhun albasa ba. Sauke injin zan yi, in wargaza shi, in mayar da shi sabo."

"Kai da kanka?"

"Hannun da ke murɗa zaren azurfa mai kaurin gashi, noti ne zai gagare shi?"

Idder ya kurɓi shayinsa, ya ajiye kofin a hankali. Ya ce, "Wannan aikin mai lokaci ne, kai kuwa ba ka da shi. Je ka dawo, mu yi tare, ko wata biyu ne. In ka ƙi ji, to riƙe abu ɗaya. Ƙarafan cikin nan tsofaffin ma'aurata ne, kowanne ya saba da jikin abokinsa. Duk wanda ka cire, ajiye shi da nasa, kuma ka kiyaye 'yan alamomin da ke jikinsu."

Si Bihi ya ce ya ji. Washegari ya shimfiɗa tabarma a tsakar gida, ya wargaza injin. Da ya ga ƙarafan baƙi ƙirin, sai ransa na maƙeri ya motsa. Ya zuba su duka a babban daro guda, yadda yake zuba awarwaro da 'yan kunne, ya wanke su tas. Sannan ya kai su kan injin goge azurfa ɗaya bayan ɗaya. 'Yan ɗige-ɗigen da ya gani a gefensu ya ɗauka tabo ne, ya bi su ya shafe.

Mako guda ya zama biyu, biyu ya zama uku. Idder ya leƙo ya ce ƙanensa na da motar kai burodi, a shimfiɗa katifa a baya a tafi. Si Bihi ya ce uwarsa ba za ta shiga ƙauyensu a motar burodi ba alhali ɗanta na da tasa.

Daga ɗaki Lalla Ijja takan kira shi. "Bihi, ina aka kwana?"

"Saura kaɗan, Inna."

"Ita ma Zaina saura kaɗan ne, ɗana."

Ranar da ya gama haɗawa, injin na sheƙi kamar kayan amarya. Ya sa sifana don ya juya shi, ya ƙi motsi. Ya taka da ƙafa, ko gezau. Dole ya aika a kira Idder.

Idder ya kwance ƙasan injin, ya ɗauki ƙarfe guda, ya juya shi a hannu, ya sake juyawa.

"Ina alamomin?"

"Tabban nan? Na goge su."

Idder ya ajiye ƙarfen. Ya ce, "Ka raba aure takwas, ka ɗaura wa kowa matar wani, ka kuma ƙone takardun. Yanzu sai an kai su birnin Agadir an auna su ɗaya-ɗaya. Kwana goma, in an yi sa'a."

Si Bihi ya zauna a kan tabarma. Can ya ce, murya ƙasa-ƙasa, "Motar ƙanenka tana nan?"

"Tana nan. Gobe da safe in sha Allahu."

Da la'asar ɗin ranar wayar gida ta yi ƙara. Zaina ta cika da hantsi, an yi mata sutura bayan azahar.

Sun tafi washegari da safe, a motar burodin, amma ta'aziyya suka je. Da aka ɗauko Lalla Ijja a kan katifa za a fita da ita, sai aka ratsa tsakar gida, inda ƙarafan ke jere a rana. Ta ce a tsaya. Ta dube su, ta dubi ɗanta. Ba ta yi masa faɗa ba, kuma ya gaya mini daga baya da ma faɗan ta yi.

Ta ce, "Sun yi kyau, Bihi. Rufe su, kada ƙura ta ɓata maka aiki."

Darasin da ke ciki, 'yan uwa, shi ne kafin mutum ya zaɓi babban gyara ko ƙarami, ya fara tambayar kansa don wa ake gyaran, kuma kwana nawa mai jira zai iya jira. Gyaran da ya kai ka inda ake bukatarka a kan lokaci ya fi wanda ya burge ido bayan an tashi. Kuma gwanintarka a sana'arka ba ta sa ka zama gwani a ta wani. In mai sana'a ya ce maka kiyaye, to ka kiyaye, ko da abin bai yi kyau a idonka ba.

Ƙurunƙus, nan ta tsaya. Wanda ya ji ya riƙe, kan ɓera kuwa na bar muku.