Katakon Ƙarshe

Akwai wani tela a wata unguwa, siriri, shiru-shiru, wanda in ka gan shi duƙe a kan keken ɗinki ba za ka ce yana iya ɗaga ƙafa ta wuce kansa ba. Amma tun yana saurayi yake wasan kareti, har ya kai ga baƙin bel, ɗamarar da ake ba ƙwararru. Kullum da yamma yakan rufe shago, ya tara yaran unguwa a wani fili bayan makarantar firamare, ya koya musu.

Yaran suna kiransa Masta. Mazan da ke zama a benci a bakin layi kuwa sun raɗa masa Sarkin Dukan Iska.

Ba irin ba'ar da bai sha ba. Fararen kayan da ya ɗinka wa yaran da hannunsa, cewa suka yi rigar barci ce. In yaran suka yi ihun da ake yi wajen kai naushi, sai wani daga benci ya amsa musu da kukan akuya. In tela ya zo wucewa, wani direba mai ƙaton ciki ya miƙe ya karkace hannuwa irin na fim, ya ce, "Masta, yau iska nawa ka sumar?"

Abin da ke ba ni haushi da mutanenmu ke nan. Ranar da aka ji motsin ɓarawo a layin, ƙofar tela aka fara bugawa. Uwa in ɗanta ya ƙi wanka, da sunansa take tsorata shi. In ana zaune lafiya shi abin dariya ne, in tsoro ya zo kuma kowa ya tuna inda gidansa yake.

Shi dai murmushi yake yi ya wuce. Yakan ce wa matarsa, "Ƙyale su. Ai ina da mutum ɗaya da ya san abin da nake yi."

Wannan mutumin shi ne kafintan da shagonsa ke jikin nasa. Tare suka tashi, tare suka sha bulala a aji ɗaya, tela ne ma ya ɗinka masa kayan aure. Duk katakon da yaran ke fasawa ranar gwaji, kafinta ke yankawa. Tela bai taɓa duba ko ɗaya ba. Yadda aka ɗaure su aka kawo, haka yake ɗauka.

Kafinta yana da 'ya da ake kira Auta. A da, in baƙo ya yi sallama bayan ƙofa take ɓuya, in malami ya tambaye ta a aji sai hawaye. Tela ne ya roƙi uban ya bar ta ta shiga cikin yaransa. A hankali Auta ta zama ita ke tsayawa a gaban layi, muryarta ta fi ta kowa. A fili tana ce masa Masta, a gida Baffa.

Ana nan sai mai filin ya sauke bulo da yashi, ya ce gini zai fara. Tela ya je ya roƙi shugabar makarantar ta ara masa aji ɗaya bayan an tashi.

Ta ce, "Malam tela, iyaye ne matsalata. Rabi sun ce shirme kake koyarwa, rabi sun ce dabanci. Ka zo da yaranka ranar rabon kyaututtuka ku nuna musu. In sun gamsu, aji naka ne. In ba su gamsu ba, ka yi haƙuri."

Tela ya san in bai sami ajin nan ba, karatun yaran ya ƙare.

To shi kafinta yana da ciwo guda: son a ce ya iya zance. Wata yamma yana zaune a benci, mai gyaran waya, wanda ba ya rabo da ɗaukar bidiyo, ya dube shi.

"Kafinta, tsakani da Allah, katakon nan da abokinka ke fasawa, ba tsaga shi kake fara yi ba?"

"Wace tsagawa? Mai laushi nake zaɓa, busasshe, in yanka shi yadda layin jikinsa zai bi hannu. Ko kakata mara haƙori ta fasa shi."

Benci ya kaure da dariya. Kafinta ya ji daɗi har cikin ransa.

Ba wani asiri ya tona ba, don tela bai taɓa ɓoye wannan ba. Yakan gaya wa yaran, "Ba gaba muke da katako ba. Tsoron da ke hana hannunka wucewa, shi muke fasawa." Amma wanda ya zo neman abin dariya ba ya sauraron bayani.

Direba ya ce, "To ka sa masa na gaske mu gani, in shi namiji ne."

Kafinta ya ce, "Haba, abokina ne fa."

"Ka ji shi! Ashe kai ma tsoronsa kake ji. Ko raba ribar damfarar kuke yi?"

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Washegari kafinta ya ɗauko katako mai tauri irin na ƙyauren ƙofa, ya manna masa siraran fallaye masu laushi gaba da baya da gam, ya goge gefen sumul. Ya sa shi a can ƙasan ɗaurin, don ya san na ƙarshe kullum Masta ke fasawa. Ya gaya wa kansa wasa ne kawai, hannu zai ɗan yi zafi, a yi dariya a tashi.

Ranar taro filin makaranta ya cika. Iyaye a kan kujeru, 'yan benci a gaba-gaba kamar an gayyace su, mai gyaran waya ya ɗaga wayarsa, kafinta a gefensa.

Yaran suka fito cikin fararen kayansu. Ɗaya bayan ɗaya tela yana riƙe katako, yaro ya yi ihu ya fasa. Iyayen da suka zo da taɓe baki suka fara tafi. Har shugabar makaranta ta gyara zama.

Saura katako ɗaya.

Tela ya juya ga jama'a ya ce, "Na ƙarshe bisa al'adarmu ni ke fasawa. Amma yau na bar wa ɗalibar da ta fi kowa ƙoƙari. Na ɓoye wa mahaifinta ne don in ba shi mamaki, saboda shi ya yanka mana katakon nan duka, kuma ba ni da aminin da ya fi shi. Auta, fito."

Yarinya ta fito tana haske. Ta sunkuya ta gaida malaminta, ta ja ƙafa baya, ta dunƙule hannu.

Tela ya ɗaga katakon. Nan take ya ji nauyin ba daidai ba. Ya shafa gefen da babban yatsa, ya ji layin gam. Ya san wannan katakon ba zai fashe ba, hannun da ya dake shi ne zai fashe.

Ya ɗaga kai ya nemi idon abokinsa. Kafinta ya ɗan taso daga kujera, bakinsa a buɗe. Ya dubi 'yarsa, ya dubi wayar da ke ɗauka a gefensa, ya dubi jama'a. Sai ya koma ya zauna.

Tela ya jira. Auta ta ja numfashi, tana jiran umarni kawai. Kafinta ya ƙura wa ƙasa ido.

Sai tela ya ce, "Auta, koma ki zauna."

"Masta, zan iya."

"Na ce ki zauna."

Direba ya ɗaga murya: "To kai fasa mana!" Wasu suka ɗauka, "Fasa! Fasa!" Tela ya sunkuya ya gaida jama'a, ya sa katakon a hammata, ya fita daga filin ana yi masa ihu.

Kafin magariba bidiyon ya zaga wayoyin unguwa: Sarkin Dukan Iska ya gudu da katako. Shugabar makaranta ta aiko a ce masa ya yi haƙuri. Iyaye suka fara janye 'ya'yansu, wata ma ta aiko da farin kayan ɗanta a leda.

Matarsa ta ce, "Ka fito da katakon nan ka nuna wa duniya mana! Mutumin da muka ci da shi muka sha da shi?"

Ya ce, "In na nuna, da wane ido yarinyar nan za ta kalli ubanta?"

Ya jingina katakon bayan keken ɗinki, ya ci gaba da aiki. Amma matarsa ta ga yana farke ɗinki ɗaya sau uku, shi da ba ya kuskure. Dariyar unguwa bai dame shi ba, ya saba da ita. Abin da ke cin sa shi ne, bango ɗaya ne tsakaninsu, yana jin ƙarar zarton kafinta tun safe har yamma, amma mutumin bai leƙo ba.

Ita kuwa Auta abu ɗaya ta fahimta: Masta ya ga ba za ta iya ba, kuma saboda ita ake zaginsa. Wata rana ta je shagon, ta tarar tela ya fita sayen zare. Ta ga katakon. Ta ɗauke shi ta nufi benci, inda mahaifinta ke zaune cikin mutanensa.

"Baba, riƙe min."

Kafinta ya ce, "Ke, ina kika samo wannan?"

"A shagon Baffa. Sun ce Masta maƙaryaci ne. Ni zan fasa shi yanzu su gani. Kawu mai waya, ka ɗauka, ka tura wa duk wanda ka tura wa wancan."

Mai gyaran waya, da yake hali zanen dutse ne, ya ɗaga wayar.

Kafinta ya ce, "Auta, je ki gida."

"Baba, ba kai ka yanka ba? Naka ai kullum yana fashewa. Riƙe kawai, ka miƙe hannuwanka sosai."

Ta tura masa katakon a ƙirji, hannuwansa suka kama shi ba da sonsa ba. Ta ja ƙafa baya. Ta dunƙule ɗan hannunta. Ta ja numfashi.

"Tsaya!"

Katakon ya faɗi ƙasa da ƙara mai nauyi. Kafinta ya durƙusa ya riƙe hannun 'yarsa da hannu biyu.

"Kar ki daka, zai karya miki hannu. Na ƙofa ne a ciki, ni na manna shi. Don Baffanki na yi, don a yi dariya."

Auta ta dubi mahaifinta ta daɗe.

"Baba, ranar nan da na tsaya zan daka, ka sani?"

Ya kawar da kai. Ta zare hannunta daga nasa a hankali, ta tafi gida.

Masu iya magana sun ce in za ka gina ramin mugunta, gina shi gajere. Wayar da ta yaɗa bidiyon farko ita ta yaɗa na biyu. Shugabar makaranta da kanta ta zo shagon tela da mabuɗin aji. Iyaye suka mayar da 'ya'yansu, har da waɗanda ba su taɓa kawowa ba. Direba kuwa ya koma cewa shi dama tun farko ya san Masta ba ƙaramin mutum ba ne.

Sai a lokacin kafinta ya tako shagon. Ya tsaya a bakin ƙofa, ya kasa shiga.

"Mutumina, ka yafe min. Wallahi wasa na ɗauke shi."

Tela ya tsayar da keke. "Da hannun nan nake ciyar da iyalina, ka sani. Duk da haka katakon na yafe, mutum yakan yi wauta a cikin abokai. Amma na tsaya na dube ka, 'yarka ta ɗaga hannu, na ba ka lokaci ka yi magana. Ka zaɓi ka zauna. Wannan zaman ne na rasa inda zan ajiye shi."

Kafinta ya sunkuyar da kai yana hawaye.

Tela ya ce, "Ba zan yi gaba da kai ba. Ka ci gaba da yanko katakon, albarkacin Auta."

Haka aka yi. Suna gaisawa, suna zuwa wa juna in abu ya samu. Amma duk ranar da kafinta ya kawo ɗauri, tela yakan kwance shi a gabansa, ya ɗaga kowane katako ya ji nauyinsa, ya shafa gefen da babban yatsa. Kafinta yana tsaye yana kallo.

Ranar gwaji na gaba, aka miƙo wa Auta katakon da mahaifinta ya yanka. Kafin ta bayar a riƙe mata, ita ma ta ɗaga shi ta ji nauyinsa, ta shafa gefen da yatsa.

Darasi: Kada ka sayar da amininka don 'yan benci su tafa maka, domin dariyarsu ta yini ɗaya ce, amana kuwa in ta tsage ko an yafe tabon yana nan. Kada kuma ka raina abin da ba ka fahimta ba. Mutumin da ake kira matsoraci wani lokaci shi ne ya haɗiye kunya don ya rufa wa wani asiri. In ka yi kuskure, ka yi magana tun kafin hannun wani ya sauka a kai. Ku tura wa abokanku wannan labari, wataƙila akwai wanda ke zaune a benci yau da yake bukatar jin sa.