Takardar Raƙiya a Hannun Mai Ƙosai

Akwai wani ma'aikacin jinya a wani ƙaramin asibiti cikin Tahoua, sunansa Abdurazak. An san shi da kame baki. Ko matarsa ba ta taɓa jin sunan majinyaci daga wajensa ba, kuma yana alfahari da hakan.

Ranar da aka share ofis, shugaban asibitin ya ba shi tarin tsofaffin takardu ya ce ya ƙone. Abdurazak ya ga asara ce. Ya kai wa ƙanwar mahaifiyarsa, Inna Latifa, mai suyar ƙosai a bakin tasha, don ta riƙa ƙunshe wa masu saye. Bai duba ko ɗaya ba.

A tashar nan akwai Raƙiya, 'yar ƙauyen Bambeye, mai sayar da fura. Bara ta yi tarin fuka. Ta sha magani wata shida a ɓoye har ta warke sarai, domin ta san ba mai sayen furar mai tari.

Wani direba ya gama cin ƙosai, ya ga sunanta da cutarta a takardar da aka ƙunshe masa, ya karanta wa abokansa. Cikin kwana uku furarta ta fara komawa gida yadda ta fito.

Raƙiya ta sami Abdurazak a asibiti, ta ajiye takardar a kan teburinsa, duk maiƙo.

"Likita, ka san wagga?"

Ya ga rubutunsa da sa hannunsa. Ya kasa ɗaga kai.

"Uwar mijina ma ba ta sani ba," ta ce. "Yanzu har mai gyaran taya ya sani. An ce in kai ƙara, doka na bayana."

"Gaskiya aka gaya miki. Laifina ne."

"Ƙara ba ta shan hura. Gobe ka taho tasha da farar rigarka."

Washegari ya zo. Ta dama masa, ya tsuguna a gaban direbobi ya sha. Wani ya ce, "Likita, ba ka tsoro?"

Abdurazak ya dubi Raƙiya. "Kin yarda in faɗa?"

"Yau kuma kake tambaya? Faɗi."

"Ta warke tun bara," ya ce.

Wasu sun dawo saye, wasu har yau ba su dawo ba. Shi kuwa ya kai kansa wajen shugabansa, sannan ya je karɓo sauran takardun. Inna Latifa ta miƙa masa 'yan kaɗan.

"Sauran fa, Inna?"

"Sun tahi da masu ƙosai, ɗana. Wasu har garin Abalak."

Darasi: Sirrin mara lafiya amana ne, kuma doka ta kare shi. Kame baki bai isa ba, a kula da takarda da waya da rajista. Ku tura wa duk wanda kuka sani yana aiki a asibiti.