Rijiyar Nomau da Itacen Kirya

Tun kafin a sari hanya a dajin nan, lokacin da giwa ke kiwo inda kasuwarmu take yanzu, an yi wani maharbi, Nomau. Nomau na Tabawa, kibiya ɗaya nama ɗaya! An ce wani gwanki ya bi kwana uku, gwankin ya tsaya ya tona ƙasa da kofato, ruwa ya ɓulɓulo, sai gwankin ya ɓace. Nan Nomau ya haƙa rijiya, gaba tara, mutane suka taru suka kafa bukkoki.

Amma ƙasar yashi ce, rijiya ba ta tsayuwa sai an ɗaure cikinta da itace. Nomau kuwa ya san daji. Ya ga gara ta cinye kowane kututture ta bar kirya, ya ga kirya ta shekara cikin laka ba ta ruɓe ba. Da zai tafi farautar rani, sai ya bar wa ƙanensa Ɗankane aikin, ya ce kirya zalla.

To, kirya ba ta saruwa da lalaci. Gatari biyu ta dakusar wa Ɗankane a wuni guda, hannunsa ya yi kanta. Sai malalacin nan ya koma kan rimi, mai laushi kamar rogo, ya sassare, ya shafe shi da baƙar laka don ya yi kama da kirya, ya jera. Tir da wannan aiki!

Damina biyu, ruwa ya fara wari. Mata su ja guga, sai ga tsutsa fara-fara tana iyo, da wani yauƙi mai kama da majina. Ciki ya ɓaci gida-gida, aka binne tsofaffi biyu. Mutane suka fara ɗaure kaya za su watse.

Nomau ya ɗaura igiya ya sauka da kansa. Ya dafa itacen, hannunsa ya nutse har wuyan hannu. Da ya fito sai da ya yi amai. Bai zagi kowa ba. Ya cika ƙwarya da ruwan, ya miƙa wa ƙanensa a gaban jama'a.

"Yaya, ka yi mini rai," in ji Ɗankane.

"Abin da ka ba mutane ne. Sha."

Ya sha, yana kakari. Sannan ya yi kwana arba'in yana saran kirya, Nomau na tsaye a kansa, har aka sake ɗaurin tun daga ƙasa. Waɗanda suka ɗaure kaya suka kwance.

Kiryar nan tana nan har gobe, igiyar guga ta yi mata zanen da yatsa ke shiga, amma ko ƙusa ba ta kama ta. Shi ya sa a garinmu duk wanda ya gyara rijiya, ko wane ne ubansa, shi ke shan gugan farko, jama'a na kallon maƙogwaronsa.