Gayus Ya Danne Kiransa da Hannunsa

Akwai wani mutum a wani gari, sunansa Gayus, mai sayar da siminti. In ya rufe shago ba ya zaman majalisa, ba ya kallon ƙwallo. Abin da ya ɗauke masa hankali shi ne rediyon oba-oba, irin wanda mutum yakan nemi lasin ya kafa a gida, ya danna maɓalli ya yi magana da mutanen ƙasashe masu nisa, ya saki maɓallin ya ji amsarsu. Al'adar masu wannan sha'awa kuwa ita ce, in mutum biyu sun ji juna sai su aika wa juna kati ta gidan waya, shaidar cewa muryar wane ta kai wuri kaza.

Gayus bai ɗauki abin da wasa ba. Ya kafa eriyar ƙarfe wadda ta fi rufin majami'a tsawo, ya sayi akwatin ƙara wa murya ƙarfi, ga janareta wanda in ya tashi sai kajin unguwa sun watse.

Bayan katangarsa akwai wani tsoho mai gyaran agogo, ana ce masa Baba Sila. Shi ma yana da rediyo, in dai za a kira abin rediyo. Da hannunsa ya haɗa shi a cikin gwangwanin biskit, ya jona masa tsohon batirin babur, ya rataya waya tsakanin gora da bishiyar mangwaro. Wutar da yake ci ba ta kai ta ƙwan fitila ɗaya ba. Amma katunan da ke bangon ɗakinsa sun ninka na Gayus.

Ba wani asiri a ciki. Murya ba ta zuwa nesa don ƙarfi kawai. Akwai lokacin da hanyar sama take buɗewa, sau da yawa gab da faɗuwar rana, ta yi 'yan mintoci ta rufe, kuma ba mai iya yi mata dole. Baba Sila yakan yi mako guda yana saurare bai ce uffan ba, ran da ta buɗe ya yi kira ɗaya a amsa masa. Gayus kuwa yana zama sai ya kama kira, kamar mai tallan kifi.

Abin ya tsaya wa Gayus a rai. In mai kawo wasiƙu ya wuce ƙofarsa ya tsaya a ta tsohon, ranar tuwo ba ya masa daɗi. Matarsa Liyatu ta ce, "Maigida, wai me dattijon nan ya tsare maka?"

Ya ce, "Gwangwani fa, Liyatu! Gwangwanin biskit!"

To, akwai wani ɗan tsibiri can tsakiyar teku, mutum ɗaya tak ke da rediyo a cikinsa, wani ma'aikacin duba yanayi. Shekara uku Gayus yana neman muryar mutumin nan bai samu ba, har ya bar wa katinsa gurbi a tsakiyar bango. Sai labari ya bazu cewa aikin mutumin ya ƙare, ranar Asabar zai kwance eriyarsa ya hau jirgin ruwa, kuma ba wanda zai maye gurbinsa. Gayus ya yi kira Litinin, ya yi Talata, har Alhamis, shiru.

Ran Jumma'a da yamma janareta ya yi masa gardama. Kafin ya tashi, rana ta kusa faɗuwa. Gayus ya shiga ɗaki da gudu ya kunna rediyo, sai ga murya tangaran, muryar da ya yi shekara uku yana jira, tana cewa, "Na ji ka, Sila, na ji ka sarai."

Sila! Kishi ya turnuƙe shi har idonsa ya rufe. Ya ce a ransa, in ni ban samu ba, shi ma ba zai ƙarasa ba. Ya murɗa akwatinsa har ƙarshe, ya danna maɓalli ya riƙe, bai ce komai ba, ya bar ƙugi kawai ya cika hanyar. Ya san a bayan katanga gwangwanin nan ba ya jin komai sai ƙara, kuma, gaskiya ɗaya ce, abin ya yi masa daɗi. Minti goma yana riƙe, har yatsansa ya sage.

Da ya ga ya isa, sai ya saki don ya yi nasa kiran. Can ƙasa-ƙasa ya ji muryar tana dushewa: "Gayus, Gayus, na kira ka har na gaji. Allah ya sa kana lafiya. Na rufe ke nan."

Ya danna ya yi ihu, ya faɗi sunansa da lambar rediyonsa, ya sake faɗa. Hanya ta riga ta rufe.

Bai tashi daga kujerar ba sai ga sallamar Baba Sila, yana haki, ko takalmi bai tsaya sawa ba. Ya ce, "Ɗana, ka same shi? Ni tun bara na yi magana da shi. Yau don kai na kira. Na ce masa maƙwabcina ya daɗe yana nemanka, ka taimaka ka kira shi kafin ka tafi, ya ce ya ji. Sai wani ya hau kanmu da ƙara, ban ƙara jin komai ba. Ka dai same shi, ko?"

Gayus ya dubi tsohon, ya dubi yatsansa.

Ma'anar wannan misali ita ce, 'yan'uwa, rediyon nan ba ya magana da ji a lokaci ɗaya, haka kuma zuciyar mutum take. Muddin ka danne ta da kishi, ba abin da zai shiga, ko da Ubangiji ne da kansa yake kiran sunanka. Hanyar sama alherin Allah ce. Ba tsawon eriyarka ke buɗe ta ba, ba kuma yawan ihunka ba, kuma da ya buɗe wa maƙwabcinka bai rage maka komai ba.

Na san mu. Akwai mai zuwa sujada da ba ta jin wa'azi, don an ba wata jagorancin waƙa ba ita ba. Akwai wanda in ɗan'uwa ya tashi ba da shaidar abin da Allah ya yi masa, shi kuwa yana neman inda zai rage wa labarin daɗi. Ba ka sani ba, wataƙila wanda kake jin haushinsa, sunanka ne a bakinsa in ya durƙusa yin addu'a. Gayus bai rage wa Baba Sila ko kati ɗaya ba. Abin da ya yi shekara uku yana roƙo ya zo, ya yi minti goma yana kiransa da suna, shi kuwa hannunsa na kan maɓalli.