Kwandon Farko na Tudun Kuka

To, ku gyara zama. Kai mai danna waya, ajiye ta, yau sai kun yanke mini hukunci.

Barau shi ne Sarkin Noman Tudun Kuka, wani ƙauye can kan duwatsu inda dankalin Turawa ke yi kamar me. Duk abin da suka haƙa mace ɗaya ke saye, Hajiya Turai, mai shagunan soyayyen dankali da kaza a Kaduna da Zariya. Shekarar da ta buɗe reshe a Kano, ta aiko cewa ko nawa ne a kawo. Barau ya ce wa mutanensa, "Ku kwashe, kada ku bar ko ƙwaya!" Suka kuwa kwashe, har ƙananan da ake ajewa don iri. Wayyo! Damina ta kawo jiki babu abin shukawa, ga ƙasa ta gaji da takin zamani, ta yi fari fat. Barau ya daina fita dandali don kunya, yana ji yana gani samari na ɗaure kaya za su birni.

Sai ga Gwaggo Tabawa, tsohuwar da aka yi wa dariya ranar kwasa don ta hana a taɓa nata. Ta janyo buhuna daga ƙarƙashin gado, duk sun tsiro. Ta ce, "Barau, ɗan nan, share hawayenka." Ta zauna da wuƙa tana yanka kowane dankali ido-ido, har iri ya kai kowane gida, tata gonar kuwa ta bar ta haka nan.

Amma iri a matacciyar ƙasa ina amfaninsa? Sallau direba, wanda ke kai kaya shagunan ya dawo da mota wayam, ya shiga bin bayan kicin ɗin shagunan yana kwasar ɓawo da ragowar ganye, ya biya gidan kajin Hajiya ya loda kashi, ya zo ya zuba a gonaki. Wari kam, ba a magana! 'Yan tasha suka sa masa suna Sallau Bola, matarsa ta ce ya riƙa wanka a waje. Bai fasa ba, har ƙasa ta yi baƙi, ta farfaɗo.

Ita kuwa Hajiya Turai, dillalai suka yi mata caa, kowa na cewa ga nasa dankalin, ta rabu da ƙauyawan nan. Ta ce, "Ni na kwashe musu iri, ba zan bar su a rana ba." Ta cire dankali daga shagunanta, ta koma soya doya. Masu saye suka yi ta ƙorafi, wasu suka canza shago, ita dai tana jira.

Da kaka ta yi, jama'a, dankali sai da aka rasa buhun zubawa! Samari suka kwance kaya, motoci suka yi layi, Barau ya fito dandali da babbar riga yana dariya har da hawaye.

To, al'adar Tudun Kuka, kwandon farko na haƙa ba a raba shi, mutum ɗaya ake miƙa wa, wanda ya fi kowa yi wa gari rana. Ga Barau tsaye da kwando a hannu, ga Gwaggo, ga Sallau, ga Hajiya.

Ku da kuke zaune, in ku ne Barau, gaban wa za ku dire kwandon nan?